Bulon da Na Sauke Daga Rufin Baba

Ranar sunan 'yar yayata a unguwar Nima ta birnin Accra ba za ta taɓa fita daga raina ba, sai dai in ƙasa ta rufe min ido. Yau sama da shekara ashirin ke nan, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe in hadari ya taso daga gabas gabana faɗuwa yake yi.

Gidanmu yana wani lungu ne da ke gangarawa wajen babbar gwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, tsakar gida na siminti, rufin kwano wanda tsatsa ta gama cinyewa. Mu muna ɗaki uku, sauran 'yan haya ne, Dagomba da Zabarmawa da Kotokoli, kowa da yarensa a cikin ɗaki, amma da an fito tsakar gida Hausa ce ke haɗa mu. Da safe ƙamshin koko da ƙosai ke tashe ka, da yamma hayaƙin tuwon wani ya shiga miyar wani, ba mai cewa komai. In ɗan wani ya yi laifi, duk uwar da ta fi kusa ita ke jan kunnensa. Wallahi ina kewar gidan nan, duk da matsinsa da layin banɗakinsa.

Babanmu mutumin Nijar ne, ya zo Accra yana saurayi, ya yi ta sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie har bayansa ya ce ya gaji. Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni kunya a lokacin. Duk shekara in zafi ya tsananta, ruwan farko ya kusa, sai ya jingina tsani ya hau rufi da kansa. Ya buga ƙusar da ta yi sako-sako, ya jera bulo da tsofaffin tayoyin mota a kan kwano, layi-layi, daidai inda katako ya bi ta ƙasa. Abokaina kan tsokane ni su ce rufinmu ya fi bola tara shara. Ni kuwa ina da shekara ashirin da huɗu, na gama koyon gyaran rediyo, ina jin babu abin da tsoho zai nuna min. A ganina Baba ya kasa rabuwa da ƙauyanci ne kawai.

Shekarar nan yayata ta dawo gida haihuwar fari, ta sami 'ya mace. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya, don haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta karɓi wankan jego. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, in za ta tashi daga tabarma sai ta yi salati uku. Su ukun suna ɗakin marigayiya, wanda rufinsa ya fi na kowa gajarta, hannu ma kan kai bakinsa in mutum ya yi ɗage.

Wanda ya san bikin suna a Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, ya san ba ƙaramin aiki ba ne. A tare titi, a kafa kanofi, a jera kujerun roba, mata su yi anko, a girka wakye, wato shinkafa da wake, da dafa-duka a manyan tukwanen ƙarfe. Ni aka ɗora wa hidimar waje. Ana gobe suna, mai girkin da aka ɗauko daga Maamobi ta iso da tukwanenta da bakinta, wanda ya fi tukwanen girma.

"Kai bra, ina dutse?" ta ce da ni, ta riƙe ƙugu. "Tukunya zai zauna kan kaina ne? Kai dai gayu kawai ka sani, aiki kwaraa babu, ko kaɗan."

Na zaga lungun nan kaf, babu dutsen murhu ko ɗaya, ko'ina siminti ne da gwata. Ina ɗaga kai sai na ga bulon Baba a jere a kan ɗakin mai jego, kamar jira na suke yi. Baba ya tafi unguwar Malam gayyatar 'yan uwa, babu mai hana ni. Na taka benci na sauke su tas, aka yi murhu uku, ragowar na danne ƙafafun kanofi da su. Har ina yaba wa kaina dabara. Na ce jibi in mayar, wa zai sani? Ai kwana biyu ne kawai.

Washegari aka raɗa suna da safe, aka raba goro, aka yanka rago. Bayan azahar taron mata ya cika titi, kiɗa na tashi, yayata ta fito cikin leshi ana yi mata liƙi. Jaririya tana ɗaki tana barci, Gwaggo na gadinta. Zafin ranar nan kuwa ba a magana, iska ta tsaya cik, hodar fuskar mata sai narkewa take yi. Na ga Baba ya fito daga rumfar maza ya tsaya tsakiyar titi yana kallon gabas. Na bi idonsa. Sama ta yi baƙi ƙirin a can, ƙasanta kuma wani ja-ja, ledoji suna ta juyawa sama da gidaje.

"A kashe kiɗan nan," in ji Baba. "Wannan ba ruwa ba ne kaɗai, akwai iska a gabansa. Mata da yara ku shiga masallaci, rufinsa dakin ne na kankare. Ku bar tukwane."

Mai girki ta ce, "Baaba, ƙaramin ruwa ne, yanzu zai wuce." Ba ta rufe baki ba wata iska mai sanyi ta buge mu, kujeru suka kama gudu a titi su kaɗai. Mu samari, da wautarmu, muka ruga muka rungume ƙarafunan kanofi wai kada ya tashi. Baba ya daka mana tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba: "Ku sake shi! Tamfol ya fi ranku ne?" Muna saki kanofin ya ɗaga, ya wuntsila, ya faɗa kan wayar lantarki, wuta ta yi tartsatsi. Da mun ƙara riƙe shi na ƙiftawar ido, da wani zancen ake yi yanzu.

Muka cusa kai masallacin lungu, wanda ke kallon ƙofar gidanmu. Mutane a cunkushe, wannan na salati da Hausa, wancan na kiran Allah da Dagbanci. Ta taga ina hango rufinmu. Na sauran ɗakuna yana rawa amma yana nan, tayoyi da bulo sun danne shi. Na ɗakin mai jego kuwa bakinsa ya fara ɗagawa yana komawa, yana ɗagawa yana komawa. Duk masallacin nan ni kaɗai na san dalili. Sai muka ji ƙara, ƙusoshi suka ba da kai, kwanon ya ɓalle gaba ɗaya ya yi sama.

Yayata ta kurma ihu, "Yarinyata! Gwaggo!" ta yi ƙofa. Baba ya cafke hannunta ya riƙe gam. Tana fizga tana kuka, yana cewa, "Kwano na yawo a waje, zai raba ki biyu. Ki tsaya." Idonsa jawur, amma bai sake ta ba. Ni ba wanda ya riƙe ni. Na fita, kuma ba zan kira abin jarumtaka ba, tsoron abin da na aikata ne ya kore ni. Iska ta maka ni da ƙasa tun a bakin ƙofa, na ƙarasa da rarrafe ina bin gindin bango. Wani gutsuren kwano ya zo ya yanke ni a dantse, ban ma ji ba sai daga baya.

Da na tura ƙofar ɗakin, sama na gani. Ruwa na zuba kai tsaye, labule ya naɗe a jikin fanka, katakon rufi ya karye ya faɗo a kan gado, daidai tsakiyar katifa inda ake kwantar da jaririya. Zanin goyonta yana nan a ƙarƙashin katakon. Na durƙusa cikin ruwa ina kiran Gwaggo, a raina ina cewa shi ke nan, na kashe 'yar yayata ranar sunanta saboda murhu.

"Kai, rufe min baki ka shigo da kanka ƙasa!"

Daga ƙarƙashin gado muryar ta fito. Gadon ƙarfe ne irin na iyayenmu, mai tsayi, wanda ake tura kwalla da akwati a ƙasansa. Na leƙa. Ga Gwaggo kwance rub da ciki tsakanin kwanonin marigayiya, ta yi wa jaririya rumfa da ƙirjinta, ta jawo filo ta kare kanta. Yarinyar ko kuka ba ta yi, tana tsotsar hannu. Tsohuwar da sai an ɗaga ta daga tabarma, ita ce ta shige ƙarƙashin gado da jaririya tun ƙarar farko da kwano ya yi. Daga baya da aka tambaye ta yadda ta yi, cewa ta yi ita ma ba ta sani ba, amma fitowa dai sai da maza biyu suka jawo ta. Nan na kwanta kusa da su har iskar ta lafa, ina kuka kamar yaro.

Kafin la'asar komai ya wuce, ba a rasa rai ba a lungunmu. An tsinci kwanonmu a cikin gwata. Maƙwabta suka taru ana ta barka, kowa na cewa ikon Allah, ɗaki ɗaya tak iska ta zaɓa. Ni dai ina gefe ina ɗaure dantse. Baba ya shiga ɗakin ya duba, ya zaga bayan gida ya duba ƙasa, sannan ya fita titi. Ina kallonsa ya tsaya a gaban murhun mai girki, inda bulonsa ke zaune baƙi ƙirin da hayaƙi. Ya daɗe a wurin. Bai kira ni a gaban mutane ba, sai da aka watse ya same ni a zaure.

Na riga shi magana, na ce, "Baba, ni ne. Na ce bayan suna zan mayar."

"Na sani," ya ce. "Ban ga laifinka da ka nemi dutse ba. Amma shekara nawa kana ganina ina hawa rufin nan da tsufana? Ko sau ɗaya ka taɓa tambayata me suke yi a can?"

Har ya bar duniya bai faɗa wa kowa ba. Da ya zage ni ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Yayata ni na gaya mata da bakina bayan arba'in. Ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata, ranar na huɗu ta miƙo min yarinyar ta ce in riƙe mata za ta yi wanka.

Yarinyar nan yanzu ta girma, ita ma tana goyon nata. Abin da ranar ta koya min ba shi da yawa, amma ya ishe ni. In hadari ya haɗo da iska, a bar kaya a ceci rai, a nemi rufi mai ƙarfi a shige, in babu a shiga ƙarƙashin abin da zai kare kai. Sannan duk abin da na tarar wani babba ya ajiye a wani wuri, komai muninsa a idona, ba na ɗaga shi sai na tambayi abin da yake dannewa.