Shekarar da Hannunta Ya Rubuta

A bencin ƙarshe na ajin sakandare take zaune, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalin makaranta, tafin hannunta duk kanta. A haife, ta haifi malamin. Wataƙila sai da autanta ya kammala ta samu dawowa.

Tana rubuta kwanan wata a sabon littafinta, yarinyar gefenta ta leƙo ta tuntsire da dariya.

"Inna, wace shekara ce wannan? Ai ko haihuwata ba a yi ba!"

Shekarar da ta bar makaranta ce. Ta daɗe tana kallon lambobin, ta kalli ƙofa. Ba ta soke su ba. A ƙasansu ta rubuta ta bana.