Malama Hasiya da Tambayar da Ta Kai Ta Riruwai

Kafin masu shayin Riruwai su gama hura wuta, Malama Hasiya ta idar da sallar asuba, ta sha kokonta, ta ɗaure gwiwarta ta hagu da tsohon ɗankwali, ta rataya jakar da take zuba alli da hotuna, ta kama hanyar makaranta. Hanyar hawa ce, ta bi ta gefen tsofaffin ramukan haƙar ma'adinin kuza. Tana tafe tana hutawa, tana amsa gaisuwar mata masu ɗiban ruwa. Duk da haka ɗalibai ba sa riga ta shiga aji. Haka ta yi ta yi har watan jiya da shekarunta na aiki suka cika, ta ajiye alli.

Ba wanda ya shirya mata taron ban kwana. An ce za a yi idan an dawo hutu, an dawo, shiru. Matar da ta yi shekara talatin da wani abu tana koyar da 'ya'yan mutane Turanci ta tattara tabarmarta da tukwanenta ta hau mota kamar wadda ta zo cin kasuwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake.

Ita ba 'yar Riruwai ba ce. Gidanta yana Kwanar Dangora, can mijinta da 'ya'yanta da jikokinta suke. Yadda aka yi ta ƙare aikinta a wancan lungu na Doguwa, nesa da iyalinta, shi ne labarin da nake so ku ji.

A da tana koyarwa ne a wata makarantar 'yan mata da ke kan hanyar Tiga. Malaman Turanci da yawa dokar nahawu suke rubutawa a allo, yara su rera ta kamar waƙa, a tashi. Malama Hasiya ba ta yarda da wannan ba. A ganinta yaro ba zai riƙe harshen mutane ba in bai san yadda mutanen suke zama ba. Ranar da za ta koyar da wakilin suna, sai ta ce wa ajin Bature kalma ɗaya gare shi, "you". Da ita yake kiran ɗansa, da ita yake kiran kakarsa, da ita yake kiran shugabansa. Ba "kai", ba "ke", ba "ku" ta girmamawa. Aji ya ɗauki salati.

"Malama, ke nan ba su da ladabi?" in ji wata yarinya.

"Suna da shi," ta ce, "ba a nan suka ajiye shi ba. Mu da gwiwa muke durƙusawa. Su jimlar suke durƙusarwa." Daga nan ta koya musu yadda ake mayar da umarni ya zama roƙo, yadda ake fara magana da "would you please" idan da babba ake yi.

Ta gaya musu in ka ga mutumin Ingila ya yi tuntuɓe ka ce masa "sorry" da nufin "sannu", yana iya juyowa ya ce maka ai ba kai ka ture shi ba. Ta nuna musu hotunan da ta yanka daga tsofaffin kalandu: mutane a layin shiga mota cikin ƙanƙara, kasuwar kifi a Jamaika, 'yan makaranta a Ghana, don su san ba farar fata kaɗai ke da harshen ba. Kuma kowace al'ada ta nuna musu, aikin gida ɗaya ne: ki je ki tambayi kakarki mu yaya muke yi, ki zo ki faɗa mana da Turanci.

Wata damina iska ta yaye rufin ajin 'yan aji uku. Daminar ta wuce, wata ta zo, ba a gyara ba. Da hadari ya haɗo sai a sallami yara. A haka wani babban jami'i ya zo duba makarantu. Aka share fili, aka jera kujeru, aka yi masa waƙar maraba. Ya yi dogon jawabi da Turanci, a ƙarshe ya ce ko akwai mai tambaya. Ya faɗa ne yana tattara babbar rigarsa zai zauna.

Sai Mubaraka ta miƙe. 'Yar Malam Ubale ce, Bafulatanin da ke kiwo yana kuma noman rani a bakin madatsar Tiga. Ta rusuna, ta gaishe shi, sannan ta ce da Turanci, cikin irin jimlar da aka koya mata, ko zai taimaka ya gaya musu yaushe za a rufe musu aji, domin jarrabawa ta matso kuma ruwa yana korarsu gida. Wasu iyaye da aka fassara musu suka yi tafi. Fuskar baƙon ta canja.

Malam Nazifi, malamin lissafi, yana cikin ofishin shugaban makaranta lokacin da aka kira Malama Hasiya, kuma daga bakinsa na ji abin da ya faru.

"Ke kika sa ta?" jami'in ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, ban sa ta ba. Amma ni na koya mata yadda ake tambayar babba, kuma yadda na koya mata haka ta yi."

"Wannan ai tarbiyyar Turawa ce! Yarinya ta tsaya gaban sa'an ubanta tana tuhumarsa?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a yi tambaya."

Ya buga tebur. Ya ce gobe a taron safe ita da hannunta za ta zane yarinyar a gaban kowa, ta kuma faɗa wa yara rashin kunya ce. In ba haka ba za ta san da wanda take magana. Shugaban makaranta yana ta yi mata alama da ido ta amsa kawai a wuce wurin. Malam Nazifi ya ce ta kama bakin mayafinta ta riƙe.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe," ta ce. "Ni na tsaya gabansu na ce wannan ita ce hanyar ladabi. In na dake ta a kai, jibi da wane baki zan koya musu wani abu? In akwai laifi, nawa ne. A bar yarinyar."

Ba a yi mako biyu ba magana ta cika gari. Wai Malama Hasiya tana lalata yara da al'adun Turawa. Wai tana nuna musu hotunan mata ba ɗankwali. Wai tana koya musu raina iyaye. Masu yaɗa maganar nan, ina tambayarku a yau: wane ne a cikinku ya taɓa leƙa ajinta? Wane ne ya kira 'yarsa ya tambaye ta abin da ake koya mata? Kun ji an faɗa, kun ƙara gishiri, kun kai gaba, a kan matar da wasunku ita ta koyar da matanku.

Aka kira taron iyaye. Mutum ɗaya ne ya tashi ya kare ta, shi ne Malam Ubale. Ya jingina sandarsa ya ce, "Jama'a, ni ban san Turanci ba. Abin da na sani, tun da yarinyar nan ta shiga ajin Malama, kullum tana gindin Innata tana tambayarta yadda ake gaisuwar surukai da yadda ake kiran dangi da Fillanci, abin da yayyenta ba su taɓa tambaya ba. In wannan ne lalacewa, Allah ya sa sauran 'ya'yana su lalace haka. Rufin kuma, ai ba ƙarya ta yi ba. Ga shi can, ku je ku duba."

Aka yi addu'a, aka watse. Ba wanda ya ƙara masa ko kalma ɗaya. Kafin ƙarshen zangon aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Riruwai.

Mijinta ya ce ta ajiye aikin, ba za a wulaƙanta masa iyali ba. Ita ma zuciyarta ta tafasa. Abin da ya fi yi mata ciwo ba nisan ba ne, abokan aikin da suke cin abinci kwano ɗaya ne suka riƙa kauce mata, kada a gan su tare. Amma ta ce in ta bari, yaran za su ɗauka tambaya laifi ce. Ta kama ɗaki ɗaya a Riruwai, ta sake farawa daga tushe da yaran da a aji guda ake jin harshe huɗu ko biyar. Sunan jikoki ya wuce ta, jinyar 'yan uwa ta wuce ta, hawan dutse ya cinye mata gwiwa.

Rufin fa? An yi shi bayan 'yan watanni. Aka kafa allo a jikin bango ɗauke da sunan jami'in nan, aka yanka ƙyalle, aka yi masa tafi. Mubaraka ta ci jarrabawarta, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a Tudun Wada. Wadda ta ƙi ɗaga bulala a kanta kuwa, ba a rubuta sunanta a ko'ina ba.

Malama Hasiya, ke ce kika nuna wa 'ya'yan manoma da makiyaya cewa sanin yadda wasu suke rayuwa ba ya raba mutum da gidansu. Ke ce kika buɗe musu taga suka hango duniya, kika kuma tura su gindin kakanninsu. Ke ce aka ba zaɓi tsakanin jin daɗinki da bayan yarinyar mutane, kika zaɓi yarinyar. Uwar masu tambaya, mun yi shiru lokacin da ya kamata mu yi magana, garin nan gaba ɗaya.

Na je gaishe ta a Kwanar Dangora, na same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana gyaran zogale. Na fara zazzaga mata takaicina, ta bar ni har na gaji.

"Ɗan nan," ta ce, "fushin nan naka ka kai shi inda zai yi amfani. Tun da na taho 'yan aji uku na Riruwai ba su da malamin Turanci, ga jarrabawa tana tafe. Wannan ka rubuta."

To ga shi na rubuta, Malama. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar gwiwar nan, ya sa abin da kika shuka ya tarar da ke a gaba. Ku kuma malamai masu tasowa, ku koyar kamar yadda ta koyar, ku tsaya wa ɗalibanku kamar yadda ta tsaya. Wanda duk ya taɓa zama a ajinta, daga Bebeji har Doguwa, ya je ya durƙusa ya gaishe ta yanzu da kunnenta yake ji. Kuma a cikin ɗaruruwanku da kuka iya Turanci ta dalilinta, a samu ko mutum ɗaya ya hau motar Riruwai. Yaran suna can a zaune.