Injin Alhaji a Bayan Gadona

Shekarar da jirgin albasa ya nutse a mashigar garinmu, ina tuyar kifi a bakin gulbi. Jirgin na wani Alhaji ne, dillalin albasa daga wajen Wurno. An yi masa lodi fiye da kima, ga ruwa an sako daga dam ɗin Goronyo. Da ya zo juyawa sai ya kife, ya kwanta a gicciye daidai inda kwale-kwale ke tsayawa. Ba a rasa rai ba, amma albasa ta ruɓe a ruwa, wari ya hana mu sakat.

Alhaji ya zo ya duba, ya ce zai turo a cire. Shiru. Masunta suka koma sauke kifi wajen Taloka, masu ƙetarewa suka bi su. Sai in wuni gaban kasko ba mai ce mini nawa.

Mu mata masu tuya muka gaji da jira. Kowa ta kawo abin da ke hannunta, ni na sayar da tunkiyata, muka ɗauko hayar tarakta, muka sayi igiya. Masunta suka yi nutso suka ɗaura, aka jawo jirgin kan tudu. Kafin kowa ya buɗe baki na sa aka kwance injin, aka ɗora a amalanke zuwa gidana. Na sa aka tura shi bayan gado.

Washegari sai ga Alhaji a ƙofar gida.

"An ce injina na wurinki."

"Yana nan, Alhaji. Ka biya kuɗin tarakta da igiya ka ɗauki abinka."

"Ni na ce ku jawo shi?"

"Mu munka ce ka toshe muna mashiga?"

Ya juya ya tafi, ya turo mini kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ɗiyata, mi ya kai ki ja da mutum irin wanga? Ba shi abinai."

"Kawu, ban taɓa musa maka ba. Amma kuɗin ga ba nawa ba na ni kaɗai. Akwai wadda jarinta duka ta zuba."

Ya tashi ya fita ba sallama. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, amma ban fid da injin ba.

Magana ta kai zauren maigari. Alhaji ya ce sata na yi, zai kira 'yan sanda. Na ce ya kira, ɗakina ba shi da ƙofar baya balle in gudu. Maigari ya tambayi sarkin ruwa, shi kuma ya ce tun kakanni mai jirgi ke fid da jirginsa. Sai Alhaji ya ce zai ba da rabi. Wata daga cikinmu ta taɓa ni ta baya, alamar in karɓa. Na ce ba rabin jirgi muka jawo ba.

Bayan cin kasuwar albasa ya aiko da kuɗin cif, ba gaisuwa, na sa aka fid da injin aka kai masa. Muka zauna a rumfata kowa ta karɓi nata. Ya hana matuƙansa sayen kifina, har yau ba sa saye. Kawu kuwa bai sake taka gidana ba sai da salla, ya ci tuwo, ya tambayi lafiyar yara, bai tayar da maganar ba.