Jirgin da Ake Kallo ta Ƙasa

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Tawa da hantsi ya san ƙarar gudumar Attahir kafin ya san fuskarsa. Shekara talatin da biyu yana zuwa rumfa ɗaya, ya hura gawayi, ya sa ƙarfen liƙi a wuta, sannan ya shiga faɗa da masu kawo butocin da ya kamata a ce an binne su tun bara. Gwangwanin da kowa ya yar, a hannunsa yake zama fitila ko mazurari. Bana hannu ya soma rawa, ya ce zai ajiye guduma. Kafin ya ajiye, bari a faɗi abin da shi ba zai faɗa da bakinsa ba.

A shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya gama da dabbobi, ba abin da ya yi arha a Tawa sai gwangwanayen man taimako. A lokacin akwai wani tsohon soja, Baba Ɗangana, mai wuni a bakin rumfar Attahir. Labarinsa ɗaya ne: a yaƙin Turawa shekara biyu ya yi yana hidimar jirgin yaƙi mai farfela ɗaya. Ba wanda ya yarda. In ya taho da sandarsa, sai mahauta su buɗe hannuwa suna kukan jirgi, suna kiransa Direban Sama. Ga yanar ido tana ta rufe masa gani.

Wata rana tsohon ya ce, "Attahir, ni ba mutuwa nika tsoro ba. Tsorona ranar da anka ɗauke ni a ce maƙaryacin nan ya tahi."

Maganar ta soki Attahir. Ya ce, "Baba, in ka hwaɗa min shi, ni ka ƙera maka shi."

"Har ƙusa nika ƙirga maka."

Tsohon ya auna tsawon fiffike a ƙasa da taki, Attahir ya mai da kowane taki faɗin yatsa uku. Tayoyi suka fito daga tsohon takalmi, bindigogi daga ƙarafan laima. Farfela kuwa cokulan Kaltumi matarsa ne, waɗanda har yau ba ta yafe ba. Da bakin ƙusa ya riƙa fito da kan kowace ƙusar jirgin, tsohon yana bi da yatsa yana gardama.

"Wanga layi sha huɗu na, kai ka yi sha biyar."

"Wa zai ƙirga, Baba?"

"Ni."

Har zanen baƙin man da ke zuba ƙarƙashin hancin jirgin sai da ya sa aka yi da baƙin tukunya. Bayan wata biyu cikin jirgi ya kammala. Attahir ya juya shi ya ce, "Saura bisa. Ina matuƙi ka zama?"

Tsohon ya shafa cikin jirgin. Can ya ce, "Ni ban taɓa ganin bisanshi ba. Aikina in kwanta in wanke ciki, in janye icen taya. Ba su bari baƙin soja shi hau."

Attahir ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Ya san in mahauta suka ji wannan, kashin tsoho ya bushe. Kuma ba abin da ya fi sauƙi irin ya ƙirƙiro saman daga kansa, wa zai gane? Attahir, kai ne ka ƙi. Ka ce ba za ka wanke mutum daga ƙarya da wata ƙaryar ba. Ka rufe saman da gwangwani tsurarsa, har rubutun man taimakon yana nan a jiki.

Sai labari ya bazu cewa ana ƙera jirgin yaƙi a kasuwa. A zamanin soja kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Jandarma biyu suka zo suka kama jirgin, suka nufi ofishin Kumanda da shi, Attahir na biye da su riƙe da hannun tsoho, rabin kasuwa na biye da Attahir.

Kumanda ya zagaya tebur sau biyu, ya ce, "Yana tashi?"

"Ranka shi daɗe, in an jehwa shi."

Kumanda bai gamsu ba. Ya aika filin jirgi aka kira wani dattijon Bature, makanikin jirgin da ke kawo hatsin taimako. Baturen ya ga saman jirgin ya tuntsure da dariya, mahauta suka taya shi ta taga. Ya kifa jirgin, dariyar ta tsaya. Ya bi ƙusoshin da yatsa, ya taɓa zanen baƙin mai, ya yi magana a hankali. Tafinta ya ce, "Ya ce wanda ya ba da siffar wanga jirgi ya daɗe kwance ƙarƙashin irinshi."

Baturen ya ƙame ya sara wa tsoho. Tsoho ba ya gani. Attahir ya raɗa masa, "Baba, yana sara maka." Baba Ɗangana ya yar da sanda, ya buga ƙafa, ya sara wa kabad ɗin takardu. Attahir ya kama kafaɗunsa ya juya shi a hankali. Ba wanda ya yi dariya, har da mahauta.

Kumanda ya saki jirgin, da sharaɗin kada a jefa shi. Attahir ya kai shi wata lakwal, wato makarantar boko ta unguwarsu, ya rataye shi da waya can jikin rufi, inda ba mai ganin samansa. Shekara uku bayan haka Baba Ɗangana ya rasu, aka ɗauke shi ana cewa tsohon soja ya tafi.

Attahir, maganin yoyo, mun gode. Ka liƙe butoci dubu, amma babban liƙinka mutuncin tsohon nan ne. Allah ya sa ka huta lafiya, ya sa Kaltumi ta yafe cokula. Mu kuma, in muna da wani tsoho da muke wa dariya a bakin rumfa, mu zauna mu ji shi tukuna. Wanda ke shakka ya je lakwal ɗin ya ɗaga kai. Abin da zai gani shi ne daidai abin da Baba Ɗangana ya gani, ba ƙari ko na ƙusa ɗaya.