Alhaji Uwaisu Tasawa, Mai Ganin Dokin da Zai Faɗi

Haihuwa da asali

An haifi marigayi Alhaji Uwaisu ranar Talata, 14 ga watan Maris na shekarar 1961, a garin Tasawa da ke jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mahaifinsa shi ne Malam Mamman Ubale, dillalin dawaki a kasuwar garin, mahaifiyarsa kuwa Malama Bebi, mai sana'ar man gyaɗa. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ya gaji idon mahaifinsu, wanda aka shaida cewa yakan gane ciwon doki tun daga takunsa, kafin mai dokin ya buɗe baki ya fara rantsuwa.

Karatu da fara aiki

Ya fara karatun Alƙur'ani yana da shekara biyar, aka saka shi lakwal, wato makarantar boko, a shekarar 1968, ya ci gaba da karatu a Maraɗi, sannan ya sami horon aikin kiwon lafiyar dabbobi a Yamai, inda ya kammala a shekarar 1984. Ya yi shekaru tara yana zagaya rugage da kasuwanni yana allurar rigakafi, har aka mayar da shi ofis a Yamai a shekarar 1993, aka ba shi tebur da kujera, aka raba shi da dabbobi.

A wannan zaman banza ne wani mai buga takardu ya ja shi cikin sana'ar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A lokacin jama'a da dama a Yamai suna cacar tseren dawakin da ake yi a ƙasar Faransa, suna kuma sayen 'yar takardar hasashe da ke faɗa musu dokin da ake sa ran zai ci. Marigayi ya ɗauki ɓangaren tseren tsallake shinge, wanda sauran masu hasashe suke gudu saboda yawan faɗuwar dawaki a cikinsa. Hanyarsa ta saɓa wa ta kowa. Ba ya fara neman dokin da zai ci, sai ya fara fitar da waɗanda za su faɗi. Yakan kashe sautin talabijin, ya zuba wa ƙafafun gaba ido a taku ukun ƙarshe kafin shinge, domin a cewarsa doki mai faɗuwa yakan sauya ƙafa a nan idan ya gaji, musamman a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bai taɓa sa sunansa a takardar ba, kuma shi kansa bai taɓa yin cacar ba, abin da ya riƙe a matsayin ɗan uzuri duk da ya san uzurin ba shi da ƙarfi.

Aure da zuriya

Ya auri Hajiya Aïchatou, 'yar ƙanin mahaifiyarsa, a shekarar 1994. Allah ya ba su ɗan fari a 1996, aka raɗa masa suna Muzammil. Bisa al'adar gidansu ta kunyar ɗan fari, marigayi bai taɓa kiran wannan suna ba, bai ɗauki yaron a gaban mutane ba, bai kuma yi masa magana kai tsaye ba sai dole. «Yaron nan» yake cewa, kuma duk saƙon da yake da shi ta bakin uwar yake bi. A Tasawa kowa ya san wannan kunya ƙauna ce ta yi yawa har ta ɓuya, amma ba a Tasawa yaron zai girma ba.

Hijira zuwa Amurka

A shekarar 1999 ya yi ƙaura zuwa birnin Greensboro a jihar North Carolina, inda 'yan Nijar suka riga suka yi yawa, iyalinsa kuma suka iske shi a 2001. Ya yi aikin ɗaukar kaya a wani babban sito kusa da filin jirgi na tsawon shekaru goma sha ɗaya, daga baya ya koma tuƙin motar kai saƙonni, ya san lungunan unguwar Sedgefield da manyan gidajen unguwar Irving Park ta ƙofar baya. Ya sauke farali a shekarar 2012, aka sa shi cikin dattawan masallaci, ana kiransa sulhu da ɗaurin aure. Duk wannan lokaci, kowace yamma bayan ya tashi daga aiki, yakan shige ɗaki ya kalli dawakin Faransa a kwamfuta, ya aika hasashensa Yamai. Ban da matarsa babu wanda ya sani, kuma tsoron a sani bai taɓa barinsa ba.

Shigar ɗansa harkar dawaki

A shekarar 2011 Muzammil ya sami aikin hutun makaranta a wata gonar dawaki a McLeansville, kusa da Greensboro, wurin wani mai horar da dawaki mai suna Sylvanus. Kafin shekara uku ya iya hawa, a 2016 kuma ya sami lasisin mahayi a tseren tsallake shinge, wanda ake yi a bazara da kaka a filayen Carolina da Virginia. Ranar da labarin ya iso gida marigayi bai ci abinci ba. Mutumin da ya shafe shekaru ashirin da uku yana kallon yadda doki ke kifawa a kan mahayinsa ya san abin da ake nufi da wannan lasisi fiye da wanda ya ba da shi. Sai dai bai ce wa ɗan komai ba. Ya aika uwar ta ce masa ya koma jami'a, Muzammil kuma, wanda ya girma yana ganin iyayen abokansa suna ihun sunayen 'ya'yansu a filin wasa, ya ɗauka cewa mahaifinsa bai damu da shi ba ne, kunyarsa kawai yake ji a masallaci.

Daga wannan shekara marigayi ya buɗe wani littafi na dabam, yana bin kowane dokin da ɗansa zai hau a asirce, yana rubuta abin da ya gani.

Haɗarin shekarar 2019

A watan Oktoban 2019 aka ba Muzammil wani doki mai suna Miller's Porch, wanda zai hau wata ranar Asabar a wani fili a Virginia, a tseren da shingayensa na katako ne, ba sa lanƙwasa idan an buge su. Ranar Laraba marigayi ya kalli tseren dokin na baya guda huɗu, ya ga yana sauya ƙafa tun daga shinge na goma sha ɗaya, sannan ya duba hasashen yanayi ya ga ana sa ran ruwa daga Alhamis har Asabar. Ya rubuta a littafinsa cewa dokin ba zai wuce shinge na goma sha uku ba.

Faɗa wa ɗan gaskiya yana nufin ya zaunar da ɗan farinsa ido da ido, ya kuma bayyana masa inda Alhaji dattijon masallaci ya koyi karanta ƙafar dokin tsere. Ya kasa. Ya umarci Hajiya Aïchatou ta ce ta yi mummunan mafarki, a bar wannan hawan. Ita da kanta ta ba da labarin cewa ta ce masa, «Bon, Alhaji, in kana da magana ka hwaɗa mishi da bakinka. Yaron nan ba ya jin mafarki.» Ya ce ta je dai. Ta kira Muzammil a waya, ya yi dariya, ya ce ta yi masa addu'a.

Ranar Asabar dokin ya bugi katako a shinge na goma sha biyu, ya wuntsila, ya danne mahayinsa. Muzammil ya karye a ƙashin wuya wuri biyu da haƙarƙari biyar, ya yi kwana tara ba a san ko zai sake motsa ƙafa ba. A rana ta goma marigayi ya shiga ɗakin asibitin da littafin a hannu, ya kira sunan ɗansa a karo na farko cikin shekaru ashirin da uku, ya buɗe masa shafin, ya faɗa masa komai tun daga Yamai. Waɗanda suke wurin sun ce Muzammil ya karanta rubutun, sannan ya ce, «So you knew, Baba. Ka sani, shi ne ka turo mini Mama da dream?» Marigayi ya fashe da kuka a gaban ƙannen yaron.

Shekarun ƙarshe

A wannan mako ya daina aika hasashe Yamai, bai kuma sake komawa ba. Ya yi fatan haɗarin zai raba ɗansa da dawaki, amma a kakar 2021 Muzammil ya koma kan sirdi, da sharaɗi ɗaya da ya gindaya wa mahaifinsa: kowane dokin da aka ba shi zai kawo bidiyonsa gida, uban ya kalla, ya faɗa masa baki da baki ko ya hau ko kada ya hau, shi kuma zai bi. Marigayi ya karɓa, domin ba shi da bakin ƙi.

Wannan aiki shi ya cinye shi. A da idan ya yi kuskure takarda ce ake yagawa a Yamai, yanzu kuwa wuyan ɗansa ne, wanda likitoci suka ce ba zai ɗauki karaya ta biyu ba. Duk ranar tseren da ya ce a hau, ba ya ci ba ya sha sai wayar Muzammil ta shigo, yana zaune a falo da carbi, ƙarar kowace mota a waje tana firgita shi. A 2022 ya hana shi wani doki, dokin ya ci tseren a ƙarƙashin wani mahayi, Muzammil ya yi sati biyu bai zo gidan ba. A 2023 ya ce a hau wani, dokin ya zame, yaron ya karye a kafaɗa.

A farkon shekarar 2025 ciwon sukarin da ya daɗe yana fama da shi ya taɓa masa ido, ƙafafun dawaki suka fara haɗe masa. Ya roƙi ɗansa ya dakata har a yi masa aikin ido a watan Mayu, amma lokacin tsere ba ya jiran kowa. Ranar Litinin, 7 ga Afrilu, Muzammil ya kawo masa bidiyon wata goɗiya da zai hau ranar 19 ga wata a kan shingen katako. Marigayi ya kalla sau shida, fuskarsa dab da gilashin kwamfutar, ya ce a ba shi zuwa Juma'a.

Rasuwa da jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 10 ga Afrilu 2025, cikin watan Shawwal, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, sakamakon bugun zuciya, yana da shekara sittin da huɗu. An yi masa salla washegari bayan Juma'a, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi da ke wajen gari, tare da ɗimbin jama'ar Nijar da Nijeriya da Gana mazauna Greensboro. Da iyalinsa suka buɗe littafin, sun iske sunan goɗiyar a saman shafi da kwanan wata, ƙasansa kuma babu ko kalma ɗaya.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Aïchatou da 'ya'ya huɗu: Raihana, ma'aikaciyar jinya a Charlotte, Safwan, ɗalibi a jami'a, Sa'adiya, auta, wadda ke gida, da babbansu Muzammil. Allah ya gafarta masa, ya yafe masa abin da ya ɓoye da abin da ya bayyana. An kammala wannan tarihi ranar Alhamis da aka yi sadakar bakwai, kuma har zuwa lokacin da aka shafa fatiha Muzammil bai janye sunansa daga tseren jibi ba.