Ɗan Riƙon da ke Ƙugun Inna

Shekarun baya, wajen tsakiyar shekarun casa'in, Innata ta zame a bakin rijiya a Kalgo, ƙugunta ya karye. Mun kai ta wurin maɗori a Gwandu, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma damina ta wuce ba ta taka ƙasa ba. Daga kwance take salla, kuma wannan ya fi ciwon cin ranta.

A babban asibiti likita ya ce kan ƙashin ya mutu, sai an sa ƙarfe a madadinsa. Ta ce sam. "Jikina bai san ƙarfe ba. Tofar da shi zai yi, kamar ƙaya."

Ni da nake taƙama da Hausar rediyo na zauna na tsara mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ka gama labarun? To kashe."

Likitan ne ya ɗauko samfuri ya sa mata a tafin hannu. Jikin ƙarfen fari-fari ne, da kaushi. Ya ce, "Inna, ba tsirara za mu sa shi ba. An lulluɓe shi da irin sinadarin da ke cikin ƙashi. In ƙashinki ya ji shi, sai ya ɗauka nasa ne, ya tsiro ya kama shi."

Ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa. Can ta dube ni.

"Ashe riƙo ne. Kai ma ranar da aka kawo ka haka ka ƙi ni, kuka kamar a tsaga gida. Na tuɓe maka rigar da ka zo da ita, na naɗe ka cikin tsohon zanena, ka ji ƙanshin gida. Ka yi barci."

Ba ita ta haife ni ba. Ƙanwar babana ce, aka ba ta ni ina jinjiri. Ban taɓa jin zancen zanen nan ba sai ranar.

Ta miƙa wa likita ƙarfen. "A kawo shi. Na saba."

Bayan wasu watanni na same ta tsaye a kan tabarma, ta tayar da kabbara. Na tsaya a bakin ƙofa har ta sallame. Ta dafa ƙugunta, ta ce, "Ƙanenka ya fi ka haƙuri."

Ta rasu da shi a jikinta. Zanen kuwa yana cikin akwatina, kuma har yau ban yarda a wanke shi ba.