Jirgin Ƙasan Yaya Arzika

Duk wanda ya san Yaya Arzika ya san ba a barin ƙarfe kusa da shi. Cokali ne, marfin tukunya ne, ko munduwar hannun baƙuwa, sai ya karɓa ya ƙyasta da farce, ya kara a kunne ya lumshe ido. In ya yi murmushi, to kayanki sun tafi ke nan. Ni Kulu, ƙanwarsa, na fi kowa shan wannan wahala.

Asalin abin, yana saurayi ya raka babanmu Ƙauran Namoda sayar da gyaɗa, ya ga jirgin ƙasa irin na da, mai cin gawayi yana huci. Sau ɗaya tak ya gan shi. Ya dawo garinmu Gatawa ya yi noma, ya yi gyaran injin niƙa shekara da shekaru, amma hankalinsa na can tasha. Da ya manyanta sai ya ce zai ƙera injin nasa jirgin, ɗan ƙarami mai zama a kan faifai, kuma yana roƙon Allah kada ya mutu sai abin ya tashi. A lokacin idonsa ya fara hazo, shi ya sani, mu ma mun sani.

Na je biki Tsamaye kwana uku, na dawo na tarar da kan keken ɗinkina a kan tabarma an lulluɓe shi da zane, ƙafafun kuwa suna zauren Yaya. Ya ɗaura musu bel ya mayar da su abin feƙe ƙarfe: ana taka feda, ƙarfe na juyawa, shi yana kara masa magagari. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ya bari na gama, ya ce ai kan ne ke ɗinki, kuma bai taɓa shi ba.

"Tunda kin taho, Kulu, zamna ki taka min. Ƙahwarki ta san hanya."

Wallahi na zauna! Shekara huɗu ina takawa ina mita.

Ba ya yarda da ma'aunin kanti. Fistan, wato ɗan ƙarfen da ke kai da komo cikin bututu, ya ce dole silin gashin wutsiyar saniya ɗaya kawai ya iya ratsa tsakaninsu. Abokinsa Jauro, Bafulatanin da suka tashi tare, ya kawo masa na jar saniya. Yaya ya murza a yatsa ya ce ya yi kauri, sai dai na farar karsana. Washegari Jauro ya shigo yana ɗingishi da sili uku, karsana ta sakar masa ƙafa a gwiwa. Yaya ya gwada, ya girgiza kai, ya jefar da fistan na shida. Jauro ya ce in akwai na bakwai, Arzika ya je ya yi wa karsanar bayani da kansa.

Da 'yan bindiga suka matsa muka tashi zuwa Isa, kowa gero ya ɗora a mota. Shi sai ga shi da ƙafafun keke a ka, ya bar takalmansa. A hanya masu bincike suka ga bututun tagulla a aljihunsa, suka ce bakin bindiga ne. Tsoro ya kama ni. Shi kuwa daɗi ya ji, ya samu masu sauraro. Ya zaunar da su ya fara daga yadda ruwa ke zama tururi, bai kai ga fistan ba babbansu ya ce don girman Allah, Baba, a wuce.

A Isa idon ya ƙare gaba ɗaya. Na daina mita, don ina ganin yana laluben magagari alhali yana gabansa, sai zuciyata ta karye. Fistan na tara da yatsa ya gama shi, ni ina takawa ina gaya masa inda ƙarfen ke ƙyalli.

Wata Laraba bayan la'asar muka haɗa komai a tsakar gida. Tukunyar injin tsohuwar butar shayi ce, na hura mata gawayi. Muka yi ta jira, shiru, har na fara shirya abin da zan lallashe shi da shi. Sai 'yar tayar injin ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa, ta kama juyi tana cak, cak, cak.

Yaya ya kawo fuskarsa cikin tururin, gemunsa ya jiƙe. Ya fara kiran garuruwa a hankali, Ƙaura, Gusau, Funtuwa, Zariya, yana ɗaga hannu yana gaida mutanen da shi kaɗai ke ganinsu. Ni da na sha kiransa mahaukacin ƙarfe, sai na ji bakina yana cewa ya tsaya Isa ya ɗauke ni.

"Wagga tahiya kujera guda ta, Kulu," ya ce. "Ki zamna tukuna. Za ni riƙa miki wuri."

Bai cika wata ba bayan nan ya rasu. Ya Allah, Yayana ya wahalar da ni, kuma na yafe masa duka. Ka gafarta masa, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka buɗe masa idonsa a Aljanna. In lokacina ya yi, Ka zaunar da ni kusa da shi.